Shekarar da Na Kira Sunan Dije

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, shi ne mai sanin abin da baki ya faɗa da abin da ya ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ya ku 'ya'yana da jikokina, labari ya iske ni cewa a tsakaninku ana faɗin wai abin da ya raba ni da yayana Mudi, baffanku, Allah ya jiƙansa, gardamar gona ce. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ba na so in shiga kabari in bar ku kuna gadonta. Ni da Mudi ba mu taɓa jayayya a kan ƙasa ba, ko da taki ɗaya. Abin da ya shiga tsakaninmu suna ne guda da na kira da rana tsaka a gaban mutane, sunan yayarku Dije. Na rubuta muku da Hausa, harshen da aka yi abin a cikinsa. Wanda Larabci ya cinye masa harshe a cikinku, ya nemi mai karanta masa, kuma ya ji kunya kaɗan.

Dole in fara da abin da ku ba ku tarar ba. Kakanninmu da suka baro ƙasar Sakkwato da ƙafa, suka sauka a bakin wannan kogi da muke kira Bahar, ba su iso da dukiya ba. Littattafai suka kawo, da irin dawa a ƙulle, da kunya. A cikin kunyar nan babu wadda ta kai ta ɗan fari nauyi. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya, ba ya yi masa magana fuska da fuska. Uwa kuwa tata ta fi tsanani. Mahaifinmu ya rayu ya rasu bai taɓa cewa "Mudi" ba. In yana son sa, sai ya dubi bango ya ce, "A ce wa wancan ya zo." Mudi kuma yana alfahari da wannan, don shi ne shaidar cewa shi ɗan gidan mutunci ne. A haka aka rene ni, a haka kuma na yi niyyar mutuwa.

Da Allah ya ba ni Dije, ni da mahaifiyarku A'i muka yi abin da muka gada. Ana yaye ta aka miƙa ta ɗakin mahaifiyata, wadda kowa yake kira Inno. Ni kuwa in zan ambace ta sai in ce "'yar tsohuwa". Tana shekara uku ƙyanda ta shigo hillarmu, wato ƙauyenmu, ta ɗauki yara da dama, ta bar Dije da rai amma ta tafi da idanunta. Na yi kuka a gona inda ba mai gani. A gida ban sauya fuska ba, mutane suka yaba mini.

Inno ce ta zama idanunta, kuma ta yi haka da baki. Ba ta taɓa kai hannu jikin yarinyar nan ba tare da ta sanar da ita ba. Daga zaure nakan ji ta: "Dije, ga ni nan, zan shafa miki mai." "Dije, baƙo ya shigo, Malam Garba ne, gaishe shi." "Dije, an kawar da turmi, shina kusa da rumbu yanzu." Dukan yini muryarta ba ta tsayawa, har matan gida suna yi mata dariya suna cewa ta mai da jika kishiyar hira. Amma kafin Dije ta cika shekara shida, baƙo yakan wuni a gidanmu bai gane makauniya ce ba. Ta san taki nawa ne daga ƙofar Inno zuwa randa. Ta san inda ƙasa take gangarawa. Ƙarar Bahar tana bayan gidanmu dare da rana, da ita take gane gabas da yamma. Magana kuwa irin ta Inno ta kwasa, har ka ji yarinya ƙarama tana zance kamar tsohuwar da ta ga Sakkwato da idonta.

Sai shekarar ta zo. Tun kafin nan ma'aikatan hukuma suna ta kai da kawo da sanduna masu zane, suna cewa ana gina madatsar ruwa a Rusairis, in an toshe kogi ruwa zai hau ya cinye hillarmu da gonakinmu na bakin gaɓa. Aka auna mana wani fili a kan tudu, tafiyar rabin yini daga kogi, ƙasar baƙar laka mai tsagewa, babu itace ko ɗaya da mutum zai ce na ga wane a ƙarƙashinsa. Muna cikin ɗaure kaya, bayan an gama yankan dawa, Inno ta kwanta ciwon kwana huɗu ta cika. Aka kai Dije gidan Mudi aka rufe ta a ɗaki har aka dawo daga maƙabarta. Da ta tambaya, matar Mudi ta ce mata Inno ta tafi kasuwa. Ba don mugunta ta faɗi haka ba, tausayi ne. Sauran mata suka kama wannan magana suna maimaitawa, ni kuma ina ji ban hana ba.

Bayan makonni biyu loruna suka zo. Wani daga cikin samari ya sunkuci Dije ya ɗora ta a kan kaya, tsakanin turmi da kajin da aka ɗaure wa ƙafa. Ba wanda ya ce mata ga inda za a, ga dalili. Buzun sallar Inno kaɗai ne a hannunta. Muka sauka a sabon wuri muka kafa rumfunan kara, kuma a cikin rumfar nan, tun ba a rufa ɗaki ko ɗaya ba, A'i ta haifi Hamidu. Ku duba fa: muryar da yarinyar nan take rayuwa da ita ta ɗauke, kogin da take ji ya yi shiru, ƙasar da ƙafarta ta haddace ta ɓace, ga kuma wani sabon kuka da ba ta san daga inda ya fito ba. Duk wannan a tsakanin girbi da shigowar zafi.

Inda aka sauke ta, nan ta shimfiɗa buzun ta zauna. Ba ta tashi ba. In an kawo abinci takan ci loma biyu ta ture. Ta bar magana. In wani ya taɓa ta sai ta ƙwala ihu kamar an ɗora mata garwashi. Da aka gama ɗaki aka ɗauke ta da buzun aka shigar, ta ci gaba da zama a can. Wata biyu ana haka, wuyanta ya zama kamar sillen kara.

Kada ku zaci na naɗe hannu. Tun kafin mu taso na bi tsohon gidanmu na auna shi da igiya, ɗaki zuwa ɗaki, ina ƙulla alama. A sabon fili kowa ya juya ƙofarsa ga titin da aka shata, ni kaɗai na juya tawa gabas yadda take a da, har masu wucewa suna tambaya ko na yi fushi da titi ne. Na gina ɗaki daidai da na Inno, na kafa tsohuwar randa inda igiya ta nuna, na ɗauko har dutsen da ke bakin ƙofarta a kan jaki na dasa. Da na gama na tsaya a tsakar gida, na dubi bango, na ce:

"A ce wa 'yar tsohuwa randa tana inda take."

Wa zai ce mata? Mai isar da saƙon tana kabari. A'i tana ɗaki tana jego, kuma kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure ta. Na faɗa yau, na faɗa gobe, bango bai kai saƙo ba. A raina ina ganin na sauke nauyin da ke kaina, har ina jin haushin yarinyar da ta ƙi tashi ta ga aikin da na yi mata.

Rannan bayan la'asar Mudi ya kira ni zaurensa. Shi ne babba, maganarsa ce hukunci a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu.

"Na aika wa Tumba," in ji shi. Tumba ƙanwarmu ce da ke aure a Abu Na'ama, Allah bai ba ta haihuwa ba. "Ɗiyar nan in anka bar ta haka, mutuwa za ta yi. Tumba na son ta, tana da sarari, kuma can akwai kogi. Ranar Talata za ta zo da lorin kasuwa ta tafi da ita."

Na ce, "To, Yaya."

Babu aibi a shawarar, kuma har yau ban ce akwai ba. Haka ake yi. Amma na san in ta tafi ta tafi ke nan, kuma wani abu yana gaya mini cewa wadda ɗauka ɗaya ta mayar haka, ba lalle ta rayu bayan ta biyu ba.

Ana saura kwana biyar, Kande ta zo barkar haihuwa. 'Yar kawuna ce, taubashiyata, ita kaɗai ce a duniya take da ikon faɗa mini abin da ta ga dama in haɗiye. Tana aure a wata hilla can ƙetaren kogi. Ta shiga wurin mai jego, daga nan ta shiga ɗakin Dije ta daɗe. Ina zaure ina tufka igiya ta fito ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Sannu, sarkin magina. An ce ka gina wa makauniya fada, ka hana ta labari."

Na ce, "Kande, yau ba ranar wasa ba ce."

"Kullum ranar wasa ce tsakanina da bawana. Ya salam, dubi gemu kamar na mai hankali! Ka san abin da ɗiyarka ta tambaye ni? Cewa ta yi, mai tarin nan da ke kai da kawo, shi ma da mu anka kwaso shi?"

"Wane mai tari?"

"Kai mana, ya zol, bawan Allah! Da mi za ta san ka? Fuskarka ba ta gani, hannunka bai taɓa ta ba, muryarka bango take yi wa magana. Tari kaɗai ka ba ta, shi ta riƙe."

Na sunkuyar da kai ina murza igiya. Kande ta ja tabarma ta zauna, abin da ba ta saba ba, muryarta ta sauka.

"Ka san don mi ba ta tashi? Inno ta hore ta, in kin ɓace, zauna inda kike, kada ki motsa, har in zo in kira ki. Ita a wurinta ɓacewa ta yi. Ba ta san gida take ba. Zaune take tana jiran tsohuwa ta komo daga kasuwa. Wata biyu, Malam. Biyayya take yi, ku kuna cewa taurin kai."

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Na ce, "To ke ki gaya mata. Tana jin maganarki."

"La, wallahi. Ni gobe ina ƙetare. Wanda zai ce mata Inno ta mutu, shi ne wanda zai kwana ya tashi a gidan, ta ji muryarsa gobe da jibi da gata. In na faɗa na tafi, na kashe mata tsohuwa na kuma ƙara mata wata ɓacewar. Wannan kaya naka ne, ɗauki abinka."

Ta miƙe ta karkaɗe zane, ta ce in ba ta kuɗin sallar da take bi na tun bara ko ta kai ƙarata wurin jaririn, ta fita tana dariya. Amma na ga ta share ido da gefen mayafi a bakin ƙofa.

Zan so in ce muku a ranar na tashi na shiga ɗakin. Ban shiga ba. Kwana huɗu ina zuwa bakin ƙofar in taka dutsen Inno in juya. Sunan yakan zo har maƙogwarona ya tsaya. Ina tuna mahaifina, ina tuna abin da za a ce a masallaci. Mutumin da ya haddace littattafai, yana koyar da manya, ya kasa furta suna mai gaɓa biyu. Na rubuta wannan don kada wani a cikinku ya mai da ni gwarzo.

Talata da hantsi lori ya tsaya a bakin titi. Tumba ta sauko da fara'arta, ta zo da 'yar riga da ta ɗinka da hannunta. Maza suka taru a ƙofar gidana kamar yadda ake yi in za a sallami wani, har da dattawan da ke shawarar wanda za a ba limancin sabon masallaci, kuma sunana yana cikin waɗanda ake ambata. Direba yana ta danna ƙaho. Mudi ya shiga da kansa ya sunkuto ta, buzun yana jan ƙasa. Da suka fito tsakar gida ta sandare, ta fara ihun nan, ba kuka ba ne irin na yara, ihu ne na wanda ake raba shi da wurin da aka ce ya jira. Tana cewa, "Ku aje ni! Ba za ta gan ni ba! In ta zo ba za ta gan ni ba!"

Ban san lokacin da na buɗe baki ba.

"Dije."

Ihun ya tsaya. Mutanen zaure suka leƙo. Mudi ya juyo ya dube ni kamar na tuɓe riga a kasuwa. Na matsa na durƙusa a ƙasa a gabansu, ni da ban taɓa durƙusa wa yaro ba.

"Dije, ni ne. Zan karɓe ki daga hannun baffanki in aje ki ƙasa. Ga hannuna nan tafe."

Na karɓe ta. Ba ta fi nauyin ɗan akuya ba. Na zaunar da ita a kan buzun, ta juyo da kunnenta wajena.

"Wane ne?"

"Babanki ne."

"Mai tari?"

"Shi ne."

Ta ce, "Inno ta aiko ka?"

"A'a. Dije, zan gaya miki magana mai nauyi, ki riƙe hannuna. Inno ba kasuwa ta tafi ba. Inno ta rasu. Mun yi mata salla mun rufe ta a tsohuwar hilla. Ba za ta komo ba. Ƙarya munka yi miki, kuma ni ne babba a cikin masu laifin."

Ta kama yatsuna biyu ta matse. Ba ta yi kuka nan take ba. Tambaya ta shiga yi, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba kayanta bayan gobara.

"Bahar fa, shi ma ya rasu?"

"Shina nan. Mu munka yi nisa da shi."

"Nan ina ne?"

"Gidanmu ne sabo. Ba ki ɓace ba."

"Mai kukan nan fa?"

"Ƙanenki ne, sunansa Hamidu."

"Yanzu ina za a kai ni?"

Na ɗaga kai na dubi Mudi, na dubi Tumba tana rungume da rigar. Na ce, "Gwaggonki Tumba ta zo ta tafi da ke Abu Na'ama, don tana son ki. Amma ba za ki tafi ba. Nan za ki zauna, inda nake."

A nan ne kukan ya zo, ta kifa fuska a gwiwata, ni kuwa na bar ta a gaban kowa.

Mudi ya jira har ta lafa. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Ka kira ɗiyar fari da suna gaban dattawa. Ka tashe maganata gaban ƙanwarmu. Ubanmu ya shekara arba'in bai ce Mudi ba, ni kuwa ban mutu ba. Ko kana nufin shi bai san abin da ya kamata ba?"

Na ce, "Yaya, kai kana ganin fuskarsa."

Ya sa takalmansa ya fita. Tumba ta ajiye rigar a kan randa ta koma lori tana kuka, kuma ta shekara uku ba ta tako gidana ba. Ita ce wadda na fi zalunta a ranar, ba ta yi laifin komai ba. Limanci aka ba wani. A kasuwa aka laƙaba mini "Baban Dije", ana faɗa ana ƙunshe dariya. Mudi kuwa shekara tara bai yi mini magana fuska da fuska ba. Na daɗe ina ɗaukar fushinsa na girman kai ne. Sai da na tsufa na gane abin da na taɓa masa. Shi ya rayu yana gaya wa kansa cewa shirun mahaifinmu ƙauna ce, kuma ƙauna ce. Amma ranar nan ya ga uba ya durƙusa ya kira ɗan farinsa, sama ba ta faɗo ba. Ban san abin da ya ji ba. Na san dai bai yafe mini ganin da ya yi ba sai da ƙyar.

Kada ku zaci Dije ta warke a yini ɗaya. Na ɗauki aikin Inno ban iya ba. Kowace safiya kafin in fita nakan tsuguna a ƙofarta in gaya mata yinin: wa zai zo, me za a dafa, yaushe zan dawo. In na ce azahar, to ko gona tana ci da wuta azahar nake dawowa, don na lura saɓa alkawari ɗaya yana rushe aikin mako. Na koyi kada in kawo mata sabon abu biyu a rana ɗaya. Ranar da na kama hannunta muka taka daga ƙofa zuwa randa, tana ƙirgawa a hankali, hannunta ya sauka daidai a bakin randar. Ta shafa tsaguwar da ke gefenta, ta juyo a fusace.

"Tun yaushe take nan?"

"Tun da munka zo."

"Shi ne ba wanda ya faɗa mini? Ƙishirwa nake ji kullum!"

Kafin ruwa ya hau na ɗora ta a jaki muka koma tsohuwar hilla, ta dafa kabarin Inno, ta saurari Bahar har ta gaji, ita da kanta ta ce mu tafi gida. Hamidu kuwa sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda ta taɓa shi. A'i ta juya fuskarta ga bango, amma ta miƙo jaririn da hannu biyu, Dije ta kama ƙafarsa ta ce ai wannan bai kai a yi masa wannan hayaniya ba. Mahaifiyarku har ta koma ga Allah ba ta kira sunan ba. "Yayar Hamidu" take cewa. Amma daga ranar ita take yi wa magana, ba bango ba, kuma ni na san abin da hakan ya ci mata. Da damina ta sauka, baƙar laka ta kumbura ta sauya tsakar gida, Dije ta koma kan buzu ta zauna mako guda, na zaci mun koma farko. Na ɗebo tsakuwa na shimfiɗa mata hanya, muka sake farawa.

Bayan ƙaramar salla, wata safiya ina gaya mata yini, ta katse ni.

"Baba, Baffa Mudi ba ya zuwa."

"Ba ya zuwa."

"Don ni ne?"

"Don ni ne. Ke ba ki da laifi."

"To ni in tafi in gaishe shi. Koya mini hanya."

Gidan Mudi yana bayan gidaje shida, da kwana ɗaya a wurin injin niƙa. Kwana goma muna bin hanyar, tana riƙe da kara tana taɓa danni, wato shingen kowane gida, muna isa kusa mu juyo. Rana ta goma sha ɗaya ta sa rigar da Tumba ta bari, ta ce in bi ta a baya kada in taɓa ta. Ta kai. Ni na tsaya a waje jikin danni, don ba a yi mini izinin shiga ba. Na ji sallamarta a zaure, da muryar nan tata ta tsofaffi. Na ji Mudi ya amsa, sa'an nan ya ce:

"Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina, Baffa. Na zo gaishe ka. An ce kana fushi."

"Wa ya ce?"

"Ba a ce ba. Ƙafarka ce ban ji ba."

Sai na ji ya kira matarsa ya ce a dama fura a sa nono da yawa, a kawo tabarma mai kyau. Daga nan ya ɗaga murya kaɗan, yadda za ta ƙetare danni.

"A ce wa wanda ke tsaye a waje rana ta yi zafi. Ya tafi gida, za a mai da ita."

Dije ta ce, "Ba sai an mai da ni ba, Baffa. Na san hanya."

Na tsaya ina shawara da zuciyata. Akwai rami kusa da injin niƙa, akwai jakuna, akwai yara masu gudu. Duk da haka na juya na tafi gida, don ita ta faɗa, kuma Mudi ya ji ta faɗa. Na zauna a zaure na buɗe littafi, ban karanta harafi ɗaya ba. A'i ta leƙo sau uku. Inuwa ta matso har ta taɓa bakin ƙofa.

Gab da azahar na ji kara yana taɓa danni, gida bayan gida, ba gaggawa. Ta shigo da ƙullin dabino a hannu, furar ta bushe mata a leɓe. Ta tsaya a tsakiyar zaure ta juya kunne.

"Baba, kana nan?"

Na ce, "Ina nan, Dije."

"To matsa, ka tare hanya. Hamidu zan kai wa dabino."

Na matsa, ta wuce.